Injiniya da Ƙaurar Bayanai

Ranar da na koma aikin shara bayan rasuwar maigidana, Injiniya ne ya ɗaukar mini bokiti har saman bene.

Shi ke kula da manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan ma'aikatarmu. Allah na tuba, ban taɓa ganin mai cika baki irinsa ba. Wata da watanni yana zane a allo, wai zai mayar da komai kan sababbin na'urori. Abokan aikinsa suka ce a fara ajiye kwafin bayanan, ya ce shi ba ɗan koyo ba ne. Ranar ƙaurar, rabin bayanan suka salwanta.

Sai ga gwanin a ɗakin tsintsiyoyina, yana zufa.

"Inna, don Allah ki ce ke kika fizge wayar wutar kwamfutocin wajen shara. Ke ai za su tausaya miki."