Yatsan Shugaban Sito

A sito Mai Yatsa ake kiransa, a bayan idonsa. Ya kwashe shekaru yana shugabantar masu lodi, amma ko kwalin ashana bai taɓa ɗagawa ba. Aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa, tumbi a gaba, ya miƙa manuniya: "Sama! Ƙasa! Tsaya!" Da yatsan nan ya kori leburori ba iyaka, da shi yake nuna wa maiɗakinsa inda ƙura ta kwanta a kan tebur. Mutum ɗaya ya jure shi, Dogo direban motar ɗaga kaya, shi ma don Allah ya zuba masa haƙurin da ya kusa zama wauta.

Da ya yi ritaya, sai hannun ya kama rawa. 'Yarsa ta sayo masa kwamfutar hannu mai faɗin faranti, don ya riƙa leƙa zauren hirar tsofaffin ma'aikata na intanet, inda ake saka labarin Dogo da ke kwance a asibiti. Amma gilashi ba lebura ba ne. In ya ja sama, wani hoton fure ya buɗe ya cika fuskar, in ya ja ƙasa, komai ya ɓace.

'Yar ta shiga saiti, uwar na leƙe ta kafaɗarta, ta fito masa da manyan kibiyoyi biyu a gefe. Taɓawa ɗaya, shafi ya tafi da kansa, kuma ko yatsa ya yi ta ɓari, taɓawar farko kaɗai na'urar ke ji. Ya gwada, abin ya yi daidai, har ya fara murmushi.

"Meye sunan wannan wurin?" ya tambaye ta.

"Na masu buƙata ta musamman ne, Baba."

"Nakasassu ke nan? Ni za ki sa a layin nakasassu? Cire!"

Ta cire, ta koma gidanta. Daga ranar maiɗakinsa ta zama yatsa. Ko loma ɗaya ba ta isa ta ci a natse ba, sai ta baro tukunya a wuta, ta zauna a hannun kujera tana ja, shi kuma ya harɗe yana ba da oda: "Sama! Ke, a hankali! Tsaya!" Sito ya dawo falo, kuma a ganinsa ya tsira da mutuncinsa.

Wata safiya ta tafi kasuwa, daga can ta biya wajen yayarta. Ba ta jima da fita ba na'urar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ya rarumo ta, don ya san Dogo ya kwana jiki ba daɗi. Ya ja, fure ya buɗe. Ya sake ja, ya tsinci kansa a gaisuwar makon jiya. Ya yi gumi, ya zagi gilashin. Maƙwabciyarsu na shanya a bayan taga, kira ɗaya za ta shigo, amma ina! A gan shi yana roƙo? Wayarsa kuwa shiru, don duk wanda zai kira shi ya taɓa shan yatsan nan.

Da la'asar maiɗakinsa ta dawo. Ko gyale bai bari ta ajiye ba.

"Ƙasa! Ƙasa! Tsaya!"

Ta riga ta tsaya. Saƙon ya ce Dogo ya farfaɗo da hantsi, ya tambayi ko maigidansa zai zo. Ƙasa kaɗan, sanarwar rasuwarsa. Ƙasa kuma, an kai shi, an dawo, ana ta addu'a.

Idonsa ya kaɗa. Da bakin ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ke kika daɗe a kasuwa."

Ta dube shi, ta dubi yatsan da ke rawa a gaban fuskarta. Ta karɓi na'urar, ta shiga inda ta ga 'yarta ta shiga, kibiyoyin nan biyu suka dawo. Ta ɗora masa a cinya.

"Ga su nan, Maigida. Su ba sa zuwa kasuwa."

Ta wuce kicin. Can ya ɗaga murya ya ce, "Sama!" Ƙarar famfo kawai ya ji.