Ɗakin Ajiyar Doña Herminia

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan Doña Herminia a layin biyan kuɗi na babban kantin garinmu Añasco, a nan tsibirinmu, ba sai an koya masa haƙuri ba. Ni ce mai tura mata keken kaya na biyu, don haka rabin zagin da ake mata ƙasa-ƙasa a kunnena yake sauka. Sunana Providencia. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata tun muna amare, tare muka yi aikin gyaran kifi a masana'antar gwangwani ta birnin Mayagüez har aka rufe ta, kuma ni na riƙe 'yarta Yaritza ranar baftisma. In kun ji ina faɗin aibinta, to ina da hurumi. Abin da zan ba ku labari shi ne yadda ɗakin ajiyarta ya kusa raba ta da gidanta.

Rufe masana'antar nan ne ya haɗa ta da almakashi. Mijinta ya riga ya rasu, ga yarinya a makaranta, ga aiki babu. Sai ta lura da takardun rangwamen da ake cusowa a tsakiyar jaridar Lahadi, waɗanda muke kira kufon, mu kuwa muna shimfiɗa su a akurkin kaji. Ita ba ta yankar takarda ta ruga kanti kamar kowa. Jira take yi. Za ta ajiye kufon na sabulu har makon da kantin da kansa ya karya farashin sabulun, ko ya ce sayi ɗaya a ba ka ɗaya, sannan ta ɗora takardarta a kai. Ragi kan ragi, sai abu ya dawo kusan kyauta. A wannan makon kuwa ba guda za ta ɗauka ba, na shekara za ta kwasa.

A wurin biya ake yin wasan. Ta ɗora tabarau a kan hanci, ta miƙa takardu ɗaya bayan ɗaya, na'ura tana ƙara, kuɗin yana sauka, layi yana tsawo. Wata rana wani mai kwalin giya a hannu ya ce daga baya, "Iya, yaƙi za a yi ne ba mu da labari?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Kai dai riƙe giyarka da kyau, na ga ita kaɗai ka tanada."

Kekuna biyu shaƙe da kaya ta biya abin da bai kai kuɗin giyar tasa ba. Na rantse har yarinyar da ke karɓar kuɗi sai da ta tafa mata.

Da Yaritza ta girma ta tafi birnin Orlando, can ƙetaren teku, neman aiki, ɗakinta ya zama kanti. Katako daga ƙasa har rufi: shinkafa, wake, gahawa, madarar gwangwani, man girki, omo, makilin. Sabo a baya, tsoho a gaba, wannan dokar ko Fadan cocinmu ba ya karya ta. Akwai kuma kayan da na sha yi mata tsiya a kansu. Abincin kyanwa alhali ba ta da kyanwa, famfas alhali ita da goyo sai dai a mafarki.

Nakan ce, "Ke Herminia, wannan kuma na wa?"

Ta ce, "Mai shi yana hanya. Ke dai ɗago min wancan kwalin, baki ya fi hannu aiki."

Ga inda dabarar take. Jarida ɗaya kufon ɗaya take bayarwa na kowane kaya, mai son kwasar na shekara kuwa yana bukatar da yawa. Saboda haka duk layinmu ya zama masu kawo mata. Ranar Litinin kowa ya zo da abin da ya yanka, ta karɓa, ta duba, ta shiga ɗaki ta fito da leda. Ba ta taɓa ce wa mutum "na ba ka" ba. "Ga biyanka," haka take cewa. Mutanenmu kuwa kun san su, gara mutum ya kwana da ruwan zafi a ciki da maƙwabci ya gan shi da ƙoƙo a hannu. Amma ciniki ai ba abin kunya ba ne. Matar da mijinta ya gudu ya bar ta da jariri ta san inda famfas ɗin nan ya tafi. Shekarar da guguwa ta ɗauke mana wuta wata da watanni, ba gidan da bai ci shinkafar Herminia ba, kuma kowa da takarda ya saya.

Cikin masu kawo mata akwai Don Eleuterio, tsohon direban motar haya, wanda ciwon suga ya cinye wa ido. Ɗan fanshonsa a kan magani yake ƙarewa. Ba ya sayen jarida, tsofaffi yake tsintowa a shagon aski, don haka duk abin da ya yanko wa'adinsa ya daɗe da wucewa. Matattu, kamar yadda masu sana'ar ke cewa. Kowace Litinin zai zo da farar riga mai guga, da hula, da ambulan a aljihun gaba. Herminia ta zazzage, ta juya su, ta gyaɗa kai kamar mai duba zinariya, ta ce, "Yau ka yi kamu." Sai ta jefa su cikin wani tsohon gwangwanin biskit, ta cika masa leda. Wannan ledar ita ce cefanensa na mako.

Tsani ne ya kayar da ita. Tana jera man girki a katakon sama, ƙafa ta goce, ƙashin ƙugu ya tsage. Ni na ji ƙarar gwangwanaye ta katanga. Kafin a sallamo ta daga asibiti Yaritza ta sauka, ido duk ya kumbura. Ta buɗe tsohon ɗakinta, ta tsaya a bakin ƙofa, sai ta fashe da kuka.

"Inna Provi, kina kallo Mama ta zama haka? Wannan ai ciwo ne. Mutum ɗaya da omo kamar mai wankin barikin soja."

Kada ku zagi yarinyar. Tsoro ne ya kama ta, kuma tsoron yana da gaskiya, don wa zai so a kira shi daga wata ƙasa a ce an tsinci uwarsa a ƙarƙashin katako? Ta yanke shawara: a sayar da gida, Mama ta bi ta Orlando, akwai ɗaki a bene na uku mai kallon wurin ajiye motoci. Herminia da ba ta jin Turanci, da ba ta taɓa kwana inda ba ta jin carar zakaran maƙwabta ba. Ni na san in ta hau benen nan a akwati za ta dawo mana.

Daga kan gado Herminia ta ce, "Kayan nan na mutane ne, Yari."

"Waɗanne mutane, Mama? To shi ke nan. Ranar Asabar zan fitar da su rumfar mota, kyauta. In mutane na so, za mu gani, sai in ƙyale ki. In ba wanda ya ɗauka, shara ce, ki haɗa akwatinki."

Na buɗe baki zan zayyana mata sunayen gidaje, sai Herminia ta damƙe min hannu har farcenta ya shige. Da yarinyar ta fita ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Provi. In kika faɗi sunan mutum ɗaya, ba ni ba ke har abada."

Na ce, "To ki tafi Orlando ki ci sirrin naki da cokali."

Ta juya min baya.

Asabar ta zo. Yaritza ta jera tebura, ta tara kaya kamar ranar kasuwa, ta rubuta KYAUTA a jikin kwali da manyan baƙaƙe. Ni ina zaune a barandata ina kallon ikon Allah. Mutanen da na san ba su da ko cokalin mai a gida suka riƙa wucewa, kowa ya ga abin sha'awa a ɗaya gefen titi. Mai jaririn nan ta tsallaka kwalbati don kada a ce ta matso. Raina ya ɓaci har na so in bi su gida-gida da tsintsiya. Amma a ƙasan zuciyata na san ni ma da haka zan yi. Har rana ta faɗi, gwangwani biyu kawai aka ɗauka, shi ma wani mai wucewa da mota ne. Yaritza ta shiga ta ce, "Kin gani, Mama?" Ta fara neman dillalin gidaje a waya.

Ranar Litinin da hantsi sai ga Don Eleuterio, farar riga, hula, sanda. Teburan suna nan a rufe da leda. Ya wuce su kamar bai san da su ba, ya ƙwanƙwasa ƙyauren ƙarfe.

"Doña Herminia tana ciki? A gaya mata na kawo kaya."

Yaritza ce ta fito. Ta karɓi ambulan, ta duba, ta yi murmushin tausayi. "Baba, waɗannan ai duk wa'adinsu ya wuce, wasu tun bara. Ba sai ka wahala ba. Ga kaya can, ɗauki duk abin da kake so, kyauta ne."

Tsohon ya miƙa hannu a hankali ya karɓi ambulansa, ya mayar aljihu, ya gyara hula. "Na gode, 'yata. Ni ba bara na zo ba." Ya juya.

Taga a buɗe take, Herminia ta ji komai. Matar da likita ya ce kada ta taka ƙasa sai da mutum a gefe, sai ga ta ta bayyana a ƙofar falo, ta rungume sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, fuska ta yi fari fat, gumi yana zuba. Muka ruga muka tare ta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yari, kin kori mai kawo min kaya. Je ki karɓo min kayana, ki biya shi. In ba za ki je ba, matsa in wuce."

Yaritza ta dubi uwarta, ta dube ni. Na ce, "Ɗauko leda, mu je."

Gidansa yana ƙarshen layi. Ya bar mu muka shiga don ba shi da halin korar baƙi. Madafarsa tsaf, an share, an goge, kuma babu komai a ciki sai rabin gwangwanin madara da ɗan gishiri a kofi. A saman gwangwanin akwai kwanan wata da baƙin alƙalami, rubutun uwarta, wanda Yaritza ta sani tun tana 'yar firamare. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Baba, kuskure na yi. Ban iya duba su ba ne. Mama ta ce masu kyau ne."

Ya yi 'yar dariya. "Ido ne ya mutu, 'yata, ba hankali ba. Na san matattu ne. Ita ma ta san na sani. Shekara nawa muna ciniki, ba ta taɓa bari na ji a bakinta ba."

Yarinyar ta matsa kusa da shi. Ta miƙa hannu biyu. "To a sayar min. Nawa ne?"

Ya ciro ambulan ya ɗora mata a tafi. "Yadda aka saba. Gahawa, shinkafa, wake, madara. Kuma ki gaya wa uwarki waken wancan makon ya yi taurin kai, kwana ya yi a wuta. In ba ta gyara ba zan kai kayana wani wuri."

Da yamma Yaritza ta yage kwalin nan, ta fara mayar da kaya ɗaki. Herminia tana kan kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni kamar ba ita ce ta kusa suma ba. "Sabo a baya, ke. Haka ake yi a Orlandon naku?" Sharaɗi ɗaya yarinyar ta kafa, kuma na goyi bayanta: aka cire katakon sama gaba ɗaya, tsanin kuma yana gidana, na sa masa kwaɗo. Dillali ya kira, ba ta ɗauka ba. Litinin ta gaba layi ya dawo, kowa da 'yar takardarsa, ana gaisawa kamar ba a taɓa yin wata Asabar ba.

Yaritza ita kaɗai ta koma Orlando. Amma tun daga lokacin, duk wata sai ambulan mai kauri ya iso daga Orlando, cike da kufon da ta yanka daga jaridun can da hannunta. Rabinsu na kantunan da babu su a tsibirin nan ne, sauran kuma kafin gidan waya ya kawo su sun mutu a hanya. Ran nan na tarar da Herminia ta zazzage su a cinya tana juyawa, tabarau a kan hanci.

Na ce, "Ko ɗaya ba zai ci ba, ko?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Ta zuba su cikin gwangwanin biskit, a kan na Don Eleuterio. Sannan ta jawo kwali ta fara jera gahawar nan tamu da ba a samu a can, da alewar gwaiba, da sabulun da yarinyar take so tun tana ƙarama. Ta ce in nemo mata igiya.

"Yarinya ta kawo kaya," in ji ta. "Sai a biya ta."