Mode Mai Kwaɗo da Satifiket Ɗin da Ke Mutuwa

Shekara goma sha ɗaya, kowace safiya Mode kan jingine babur ɗinsa a ƙofar ofishin ƙungiyarmu ta manoman fadama a Wurno, ya buɗe kwamfuta, ya leƙa wani ɗan kwaɗo da ke saman allo, irin na kulle ƙofa. In ya gan shi a rufe, sai ya yi hamdala ya nemi shayi. Daga nan muka laƙaba masa Mai Kwaɗo, muna yi muna dariya.

Muna da na'urori uku a bakin gulbi, a Goronyo da Rabah da Wurno, masu auna tashin ruwa. Su ke aika awo a asirce zuwa babbar kwamfutar ƙungiya, ita kuma ta tura wa manoma saƙon gargaɗi a waya. Amma ba sa miƙa mata komai sai ta nuna satifiket ɗin tsaro mai rai, shaidar cewa ita ce ba ɓarawo ba. Satifiket ɗin yana da ranar mutuwa, Mode ke sabunta shi kafin ranar.

Ni ne sakatare, kuma da ni aka yi kuskuren. A wani zama, shugabanmu Alhaji Sa'adu ya ce, "Mode, wai mi kaka sabuntawa? Satifiket ɗina na firamare shina nan cikin akwati shekara arba'in, bai mutu ba."

"Alhaji, wanga ba irin shi ba ne," in ji Mode. "Ran da yam mutu, na'urorin ba su ƙara yi ma babbar kwamfuta magana."

Muka yi dariya, ni har da tafi. Muka ce ya je gida ya huta, ya daina zuwa, abu ai yana tafiya da kansa. Bai yi musu ba. Ya rubuta "9 ga Satumba" a 'yar takarda ya ba ni, na jefa a aljihun tebur.

Ranar ta zo, na'urori suka yi gum. Ba awo, ba saƙo, mu kuwa muka ɗauka shirun lafiya ce. Kwana uku gulbi yana cika. Lawwali na Taloka ya bar dammunan geronsa da injin ban ruwa a fadama, don wayarsa ba ta ce komai ba. Ruwa ya kwashe su duka, abincin shekara na gida mai mutum tara.

Mode ne ya ji shirun ya yi yawa. Ba wanda ya kira shi. Ya zo da hantsi, ya zauna, cikin minti ashirin kwaɗo ya koma ya rufe, saƙo ya fita. Mutanen Kwargaba sun shaida cewa da wannan saƙon suka janye dabbobi da hatsi kafin la'asar.

Kai ne, Mode, ka ga takardarka a aljihun teburina ranar, ka mayar ka rufe. Wallahi da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Mai tsaron ƙofar da ba a gani, mun ci arzikinka muna yi maka ba'a, kuma ina jin kunya har yau.

Ka koma bakin aikinka tun ranar, yanzu kuma ido ya gaza, ka ajiye aiki. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu riƙe da irin wannan amana su yi koyi da kai, mu kuma mu riƙa sauraron su tun ruwa bai zo ba.

Ran sallama na tsaya ina haɗa kalmomin neman gafara, ka katse ni: "Sakatare, bar wanga. An rubuta rana ta gaba?"

An rubuta, tana manne a bango. Lawwali ne ya buga ƙusar.