Inji Ɗaya Daga Babura Biyu

Babura biyu ne kacal irinsu a duk garin, masu su kuma jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Ɗaya na Mai Makulli ne, wanda ke yanka makullai a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene. Ɗayan na Akawu ne, tsohon ma'aikacin ofis mai son gyara wa mutane magana. Ƙirar Italiya ne, jajaye, masu silinda ɗaya, kuma kamfanin da ya ƙera su ya rufe tun kafin a haifi kanikawan yau. Sunan da ke jikin tankin ma Akawu kaɗai ke iya faɗa, shi ma Allah ne ya san ko daidai yake faɗa.

Kada a yi musu ƙaryar abota, larura ce ta haɗa su. Ba kantin da ke sayar da kayan baburan nan, don haka in wani abu ya lalace a na ɗaya, dole ya je ya ari na ɗayan, a auna, a ƙera irinsa. A nan ake tafka musu. Akawu ya ce Mai Makulli na ɗura wa inji baƙin mai har injin ya shaƙe, Mai Makulli ya ce Akawu na tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekara da shekaru ko shayi ba su taɓa sha tare ba. Amma in ɗayansu ya wuce a titi, ɗayan ya sani ba sai ya ɗaga kai ba.

Na Mai Makulli ne ya fara mutuwa. Karanshaf ya karye, wato ƙarfen da ke juya komai a cikin inji, irin wanda ba a ara kuma ba a ƙera shi a bakin titi. Ya warware injin, ya zuba shi a gwangwanayen fenti, ya tura ƙarƙashin gado. A shekarar matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo kuma aure ya kai ta nesa. Ya rage daga shi sai ɗaki da rediyo. Sana'arsa ma ba ta hira ba ce, don mai neman makulli kullum a tsaye yake, akwai ƙofar da ke jiransa.

Wata safiya 'yar Akawu ta zo shagon. Ta gaishe shi, ta ce mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, yayanta zai ɗauke shi zuwa can inda yake aiki a ƙarshen wata, kuma ba a sa ran dawowa. Ta ce yana nemansa.

Ya tarar da Akawu a kwance, baki ya karkace, amma idon nan na neman kuskure yana nan daram. Ashe nasa baburin ma ya daɗe a jingine, kan silinda ya tsage, sai dai karanshaf ɗinsa lafiya lau. Da ƙyar maganar ta fito.

"Haɗa injinan biyu su zama ɗaya. In ji shi kafin in tafi."

Mai Makulli ya ce to. Har ya kai bakin ƙofa Akawu ya ƙara da cewa kada ya cika masa mai. Mutum rabin jikinsa ba ya motsi, amma yana da ƙarfin tsokana!

Ya rufe shago, abin da bai yi ba sai ranar rasuwar matarsa. Ya turo baburin Akawu gida, ya shimfiɗa buhu a tsakar ɗaki, ya jawo gwangwanayen, ya wanke ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da kananzir a tsohon bahon wanki. Saman injin nasa, ƙasan na Akawu. Ringin fistin, zobban nan na cikin silinda, babu su ko na magani, sai na wani injin ban ruwa ya samo, ya yi ta goga bakinsu da zarto a hankali kamar yadda yake wa haƙorin makulli. Gasket kuwa, shimfiɗar da ke hana mai yoyo, kwali ya ɗora a kan ƙarfe, yana bubbuga gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fita da kanta. Bawul biyun suka cinye masa yini guda, yana murza su tsakanin tafukansa har hannuwan suka yi kanta.

Da ya buɗe injin Akawu sai ya ga halin mutumin a ciki. Kowane noti an ɗaure shi da 'yar waya don kada ya kwance, har waɗanda ba su taɓa kwancewa ba tun da aka ƙera su. Mai Makulli ya yi tsaki, ya ce wannan ai rashin yarda da Allah ne. Ya yi ta mita yana warware wayoyin, yana kawo abin da Akawu zai ce, yana ba shi amsa. Sai can ya lura shi kaɗai ne a ɗakin, kuma rabon da ya yi doguwar magana haka har ya manta. Abin ya yi masa ciwo. Ya gane cewa mutumin da ya fi kowa ba shi haushi shi ne kaɗai ya rage wanda ya san shi.

Aikin bai kammala ba sai safiyar tafiyar. Ya saita wutar fulogi a gurguje, ya fitar da babur, ya hau kik da gwiwarsa mai ciwo. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙa masa riga. Injin ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, sannan ya kama.

Ya iske an gama loda kaya, Akawu na kujerar baya an tokare shi da filo. Ya tsaya daidai tagar motar, ya bar injin yana bugawa, ya ɗan murza mai ya saki. Akawu ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ba ya motsi, 'yarsa ta share masa. Ya daɗe yana saurare kafin ya buɗe baki.

"Wutarsa ta yi baya."

"Daidai take, Akawu."

"Ta yi baya. Kaɗan."

Ɗan Akawu ya duba agogo, ya ce Baba a yi haƙuri, hanya da nisa. Motar ta tashi, kuma iyakar sallamarsu ke nan.

Mai Makulli ya koma gida yana huci, ya buɗe murfin injin don ya tabbatar wa kansa shi ke da gaskiya. Ta yi baya ɗin kuwa, da kaurin gashi. Ya gyara, ya buga kik sau ɗaya, injin ya tashi da wata murya tas wadda ko baburinsa na da bai taɓa yi ba. Ya waiga hagu da dama. Mutane na ta wucewa abinsu, ba wanda ya juyo.

Washegari da hantsi ya kira wayar 'yar Akawu, ya roƙe ta ta kara wa mahaifinta a kunne. Ya durƙusa da ƙyar, ya riƙe tasa wayar kusa da salansar baburin, ya daɗe a haka har hannunsa ya ɗauki zafi. Sannan ya mayar kunnensa ya tambaya me ya ce.

Ta amsa masa: "Baba, ya ce a gaishe ka. Ya ce a waya duk babura muryarsu ɗaya."

Mai Makulli ya ce ba komai, Allah ya ba shi lafiya. Ya bar injin ya ɗan ƙara bugawa, sannan ya miƙa hannu ya kashe.