Ranar da Chuwang Ya Karɓe Ƙwallon Ladan

Kullum ƙarfe bakwai na safe Chuwang yana tsugune a filin besbol na bayan garin Laurel a Amurka, safar fata a hannun hagu, yana cafe ƙwallon da masu jifa ke wurgo masa. A Jos ya koyi wasan, wajen 'yan mishan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana cafe ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, yatsunsa duk suka karkace, babbar ƙungiya ba ta taɓa kiransa ba. Da ya zama koci ma bai bar tsugunon ba. Ya ce tafin hannunsa ya fi idonsa gani.

A Yulin 1986 wata babbar ƙungiya ta turo wakili ya duba Ladan, gwanin jifansu, ɗan Pauline, wata nas 'yar Kaduna. Irin wannan wakili ba ya zuwa sau biyu, Chuwang ya fi kowa sani. Amma tun da safe ya ji ƙwallon Ladan na sauka masa a gefen tafi, ba ƙarfi. Ya gane gwiwar hannun yaron ce ke ciwo. Ya tambaye shi, Ladan ya rantse lafiyarsa lau.

Aka fara wasa. Bayan kowane jifa Ladan sai ya ɓoye hannun a bayansa. Chuwang ya daure, ya daure, sannan ya taka tsakiyar fili ya miƙa tafi.

"Baba, mutum uku kawai suka rage in jefa wa," in ji Ladan. "Wakilin yana kallo."

"Ni ma ina kallo. Kawo."

Ladan ya ba shi ƙwallon, ya fita daga wasan. Wakilin ya rufe littafinsa ya tafi. Pauline ta tare Chuwang a bakin mota, ta tambaye shi ko so yake ɗanta ya ƙare kamar shi. Daga baya likita ya ce jijiyar gwiwar hannun ta fara tsagewa, amma ko za ta iya jure jifan mutum ukun, bai sani ba. Har yau ba wanda ya sani. Babbar ƙungiya ba ta sake waiwayar Ladan ba, shi ma shekara uku bai gaida Chuwang ba.

Kai ne ka yarda a tsane ka, Chuwang, ba tare da tabbacin kana da gaskiya ba.

Asabar da ta wuce Chuwang ya yi ritaya. Ladan ya zo, 'yarsa Chundung a saɓe a hannun daman nan. Bai ce ya yafe ba. Ya dai ajiye ta, ya ɗauki ƙwallo ya ce, "Baba, tsuguna."

Mun gode, mai karkatattun yatsu. Duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, ya koyi miƙa hannu irin naka.