Karofin Mijinyawa

Mijinyawa marini ne a Gwangwan ta ƙasar Rogo, zamanin da Turawa ke mulki. Ba mai surutu ba ne. Wanda ya ga hannunsa, baƙi ƙirin da shuni har gwiwar hannu, ba ya tambayar sana'arsa.

Su uku suka haƙa karofin a bayan gari: shi da wansa Ilu da abokinsu Lado. Kowa da rijiyarsa ta rini, amma baba da toka tare suke saye, riba ma tare. Fatake kan zo daga Karaye da jakuna su kwashi baƙin yadi. Sai atamfar kanti ta shigo kasuwa, mata suka koma mata. Ilu ya rasu. Lado ya tafi Kano dakon gyaɗa, bai sake waiwayo ba.

Haraji kuwa babu ruwansa da ciniki. Duk rijiyar da bakinta ke buɗe sai an biya mata kuɗin karofi, ko an yi rini ko ba a yi ba. Wadda aka cike da ƙasa ce kaɗai ake ƙyalewa.

Duk kaka dagaci Gwadabe, sa'ansa tun ƙuruciya, kan zo ya leƙa rijiyoyin.

"Kai Baƙin Hannu, kwaɗi kake biya wa haraji? Cike su ka huta mana."

"Ranka ya daɗe, ka rubuta. Na ce maka ba zan biya ba?"

Don kada a ce karofin ya mutu, sau ɗaya a shekara yakan zuba baba a tasa rijiyar, ya yini yana juyawa da muciya, ya rina tsofaffin zannuwan unguwa. Sannan ya ɗebi dawa daga rumbu ya kai kasuwar Rogo, ya biya.

Shekarar da fara ta cinye gonaki ya cike rijiyar Lado. Wannan bai dame shi ba, mai rai ne ya gudu. Ta Ilu ce ta yi masa wuya, domin sawun tafin hannun Ilu na nan jikin shafen bakinta. Ya ja shekaru yana biya mata, har sai da aka sayar da akuyar matarsa Kande.

Da ya sake buɗe rumbu, Kande ta tsaya a bakin tsani.

"Malam, wannan ba ta ci ba ce. Ta iri ce."

"Na sani."

"To idan ka kai ta kasuwa, shuni za mu shuka bana?"

Ya rufe rumbun. Ya sauko, ya ɗauki fartanya da kwando ya nufi bayan gari. Ya fara da ta Ilu, ya ƙare da tasa. Bai bari kowa ya taya shi ba.

Da Gwadabe ya zo ya tarar da fili, bai yi tsokanar da ya saba ba. Ya ce wa malamin harajin da ke tare da shi, "Rubuta, manomi ne."

Mijinyawa ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare, kuma gidan bai sake rasa iri ba. Shunin hannunsa ya riƙa koɗewa a hankali. Wata rana yana alwala ya ga farcensa ya yi fari fat. Ya daɗe yana kallonsa, har ruwan butar ya tsiyaye a ƙasa.