Ragin Inshorar Issifu Direba

A unguwar Cheetham Hill ta Manchester, idan ka ce Issifu sai an tambaye ka wanne, amma da ka ce Issifu Direba an gane. Mutumin Zangon Kumasi ne, dogo siriri mai sanyin murya. Ubansa babbar mota ya tuƙa yana kai goro arewa, shi kuma ya fara da yaron mota, ya kama tuƙin haya tun gemunsa bai fito ba. Da Allah ya kawo shi Manchester, bai iya komai ba sai sitiyari, kuma sitiyarin bai kunyata shi ba.

Ƙaramar bas yake tuƙa wa wata cibiya da council, wato ƙaramar hukuma, ke ɗaukar nauyinta, inda tsofaffi ke zuwa su yini. Da safe ya bi gida-gida ya kwaso su, da yamma ya mayar da kowa ƙofarsa. Akwai wani tsoho ɗan Jamaika, Bartholomew, wanda ke shiga bas ɗin da kofin shayi cike, yana gaya wa kowa cewa in dai Issifu ne a gaba, ko ɗigo ba zai zube ba. Issifu sai ya yi murmushi kawai.

Yana kuma da motar kansa, tsohuwar Toyota ruwan toka. Da ita yake kai matarsa Abibatu cefane, da ita yake kai 'yarsu Azara islamiyya ranar Asabar. A ƙasar ba a sa mota a titi sai da inshora, kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne. Sai dai duk shekarar da direba ya yi bai jawo an biya diyya ba, ana rage masa wani abu. Wannan ragin shi suke kira no claims. Issifu ya tara na shekara tara. Ba ya alfahari da komai a duniya, amma wannan kam yakan faɗa ko ba a tambaye shi ba.

A 2011 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council ta bi sahu, aka rufe cibiyar. Aka yi ɗan biki da biskit, aka raba katin godiya, kowa ya kama gabansa. Issifu ya nemi aikin tuƙi har ya gaji. Inda ba a ce lasisinsa bai kai ba, sai a ce za a kira shi. Ya koma dako a manyan ɗakunan ajiyar kaya na unguwar, aikin da sai an turo maka saƙo da asuba ka san ko yau kana da shi. Shekara na zagayowa ya sayar da Toyotar.

Ranar da ya buga waya don a tsayar da inshorar, matar da ta ɗauka ta ce masa ragin nasa yana nan, amma shekara biyu kawai ake ajiyewa. In ya wuce haka ba tare da ya sake yi wa wata mota inshora ba, ya koma kamar ɗan koyo.

"Kamar ɗan koyo?" in ji Issifu. "Ni?"

Ta ce doka ce, ba ita ta yi ba.

Daga ranar abin ya zauna masa a ƙirji. Lissafinsa mai sauƙi ne: in dai ragin yana nan, wata rana zai iya sayen mota ya yi aikin kai kaya ko tasi. In ya tafi, kuɗin inshora zai yi masa tsadar da ba zai ƙara riƙe sitiyari ba har ya mutu. Abibatu ta kasa gane abin da ke hana shi sukuni.

"Baban Azara, motar ma babu ita," ta ce. "Mene ne na damuwa da ragin abin da ba ka saya?"

"Ba za ki gane ba."

"To ganar da ni mana."

Bai iya ba. Yaya zai gaya mata cewa a duk ƙasar nan wannan ne kaɗai wurin da aka rubuta sunansa aka ce ya iya wani abu?

Da zaman ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ƙanin Abibatu, Jalilu, wanda ke Birmingham, ya samo masa aiki a wani kamfanin sarin nama a Small Heath. Ɗaukar kwalaye ne a ɗakin sanyi, amma kullum akwai. Issifu ya bar iyalinsa a Manchester, ya kama ɗaki a saman wani shago a Coventry Road. Wata-wata yake zuwa gida a bas, yana zaune a baya yana jin yadda direba ke taka birki ba tausayi.

Wa'adin na ƙaratowa ya roƙi Jalilu ya sa sunansa cikin masu tuƙa motarsa. Suka tambaya, aka ce wannan ba ya riƙe wa mutum ragi, sai inshorar ta zama da sunansa. Sai ya ce to a juya, a ce motar tasa ce.

Jalilu ya girgiza kai. "Yaya Issifu, wannan ƙarya ce fa. In aka gano, ni da kai duk mun shiga uku. Da motar nan nake ciyar da yara."

Issifu bai yi fushi ba, don ya san gaskiya ce. Amma kunyar roƙon ta daɗe ba ta sake shi ba.

Dabara ɗaya ta rage, ya sayi kowace irin mota ce, ko da akwala, ya yi mata inshora. Wani bakanike, Rabe, yana da wata 'yar Nissan ja da ta kwana biyu a bayan garejinsa. Ya bar masa ita a arha, ya kuma yarda ta ci gaba da zama a wurin. Sai dai da Issifu ya tambayi kuɗin inshora, ya ji abin da ya sa ya zauna. Unguwar tana cikin waɗanda kamfanoni ke tsauwala wa farashi, har da ragin nasa abin ya fi ƙarfinsa.

A nan ne Ashafa ya shigo. Wani mutum ne mai fara'a da tsabtar tufafi, wanda ya zo karatu shekarun baya ya zauna. Ana idar da Juma'a za ka gan shi a bakin masallaci yana gaisawa da dattawa hannu biyu. An ce dillalin inshora ne, yana samo wa mutane da sauƙi. Suka zauna a wani shagon shayi, ya buɗe kwamfutarsa.

"Baba Issifu, shekara tara ba haɗari? Ai kai irinku kamfanoni ke nema da fitila. Ka bar min komai."

Farashin da ya faɗa bai kai rabin na sauran ba. Issifu ya ɗan yi jim, don ya san araha ba ta ado. Amma wa'adi ya zo wuya, ga mutum yana kiransa Baba, ga wasu da ya sani sun yi a wurinsa. Ya biya. Aka ba shi takarda mai tambari.

Motar ba ta zuwa ko'ina. Wurin aiki da ƙafa yake zuwa, ga man fetur da tsada. Ranar Lahadi sai ya je bayan garejin ya wanke ta, ya tayar da injin, ya zauna a ciki yana sauraron ƙararsa. Abin da yake aikawa gida ya ragu. Abibatu, wadda ke sharar ofisoshi, ta koma kunna na'urar ɗumama gida sai in sanyi ya kai intaha. Ba daga bakinsa ta ji labarin motar ba, matar Jalilu ce ta yi suɓul da baka.

"Muna nan muna kwana da rigar sanyi, kai kana can kana wanke mota?" ta ce a waya. Muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Don gobenmu nake yi, Abibatu."

"Allah ya kai mu goben."

A farkon 2015 jami'ar da ke kusa da Selly Oak a nan Birmingham ta kira Azara ganawa, tana neman gurbin karatun jinya. Ta ce za ta hau bas daga tasha, ta duba hanya a wayarta. Issifu ya ce atafau shi zai ɗauko ta. Ya sa Rabe ya duba birki, ya zuba mai, ya sa rigar da yake zuwa Idi da ita.

Da ta fito daga tasha ta ga 'yar jar motar, sai ta fashe da dariya. "Baba, wannan ce? It's so tiny!"

"Shiga ki ga aiki," ya ce.

Ya tuƙa ta yadda ya saba, a hankali, hannu biyu a kan sitiyari. Tana ba shi labarin tambayoyin da take jin za a yi mata, rabi da Hausa, rabi da Turancin Manchester da har yau sai ya kasa kunne yake kamawa. Rabonsa da jin daɗi irin na wannan safiya har ya manta.

A Bristol Road motar 'yan sanda ta kunna masa fitila. Ya tsaya a gefe ba tare da fargaba ba, don ya san bai yi gudu ba, bai tsallake danja ba. Ɗan sandan ya gaishe shi da ladabi, ya ce na'urarsu ta nuna motar ba ta da inshora. Issifu ya ciro takardarsa ya miƙa. Ɗan sandan ya koma motarsa ya yi waya, ya daɗe, sannan ya dawo. An taɓa buɗe inshorar, ya ce, amma an soke ta tun makon farko, wanda ya buɗe ya karɓe kuɗin. Ya ce yana ganin irin wannan da yawa, kuma ya tausaya masa, amma motar ba za ta ƙara motsawa daga nan ba sai a bayan motar janwe.

Issifu ya fara bayani. Ya faɗi shekara tara, ya faɗi tsofaffin da ya ɗauka, Turancinsa yana kakkaryewa. Azara ta riƙe hannunsa.

"Baba, ya isa. Please."

Ya dube ta, sai a lokacin ya tuna abin da ya kawo su. "Tafi, kada ki makara. Ga bas can."

Ta tafi tana waiwayensa. Ta isa a makare, idanunta sun kumbura. Sun gana da ita, amma ba su ɗauke ta ba. Ta sha gaya masa cewa ba don wannan ba ne, masu nema ne suka yi yawa. Bai taɓa yarda ba.

Wayar Ashafa a kashe. Ɗakin da yake haya wani ne a ciki. Ashe ba Issifu kaɗai ba ne, mutane da dama a unguwar suna yawo da irin takardar. Dattawan masallaci suka zauna, aka yi Allah ya isa, aka kai ƙara, shi ke nan. Wasu suka ce yana London, wasu suka ce ya koma gida.

A kotu an yarda cewa yaudararsa aka yi, amma aka ce nauyin tabbatarwa a kansa yake. Aka ci shi tara, aka sa masa maki shida na laifi a lasisi. Kuɗin karɓo motar ya fi kuɗin motar, sai ya bar musu ita. Duk da haka sai da ya kira tsohon kamfaninsa ya tambayi ragin. Aka ce shekara biyu ta wuce tuni. Ya yi godiya, ya ajiye wayar.

Ya ƙara shekara biyu a ɗakin sanyi kafin bayansa ya ƙi. Likita ya ce ya daina ɗaukar kaya mai nauyi. Ya tattara 'yan komatsansa ya koma Cheetham Hill, ya sami aikin shara na 'yan sa'o'i a ɗaya daga cikin ɗakunan ajiyar da ya yi wa dako a da. Abibatu ba ta ƙara tayar da maganar motar ba, ko sau ɗaya. Da ma ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Mutane ba su daina kiransa Issifu Direba ba, shi ne dai ya daina amsawa da sauri.

Azara ta yi karatun jinyarta a wata jami'a kusa da gida. A shekararta ta ƙarshe ta ci jarrabawar tuƙi, ta tara kuɗi ta sayi 'yar mota don zuwa asibitin da aka tura ta. Ƙawayenta suka ce mata in ta sa sunan babba cikin masu tuƙa motar, farashin inshora zai sauka. Wata Lahadi bayan la'asar ta zauna kusa da shi a falo da kwamfuta a cinya.

"Baba, kawo lasisinka. Zan sa ka a ciki."

Ya tashi da sauri ya ɗauko. Ta shigar da sunansa, da shekarunsa, da daɗewarsa yana tuƙi. Da aka zo tambayar laifi ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta gaskiya. Ta danna. Farashin ya haura wanda aka ba ta ita kaɗai, ita da ta fara tuƙi jiya-jiya.

Ta yi sauri ta karkatar da kwamfutar. "Ina jin shafin ne ke da matsala. Bari na sake gwadawa anjima."

Amma ya riga ya gani. Ya karɓi lasisin daga hannunta, ya juya shi gaba da baya.

"Cire sunana, Azara."

"Baba..."

"Cire. Kuɗinki ne."

Ta cire. Abibatu tana kicin, ta ji komai, ta ƙara buɗe famfo. Issifu ya tambayi 'yarsa ko wanda ya sayar mata da motar ya nuna mata inda ake duba ruwan injin. Ta ce a'a. Ya nemi takalmansa, suka fita tare.